Wasa Farin Girki: Murabba'i, Muka'abi Da Bambancin Gwaji Da Hujja

Duk wanda ke da tsakuwa tara da ɗan fili a tsakar gida, to ya mallaki isassun kayan shiga ɗaya daga cikin tsofaffin fagagen ilimin lissafi. A jera tsakuwar uku-uku har sahu uku, sai a ga tsawo da faɗi sun zo daidai, kusurwa huɗu ta tashi cif, babu gurbi babu saura. Lambobin da ke karɓar irin wannan jeri, wato 1 da 4 da 9 da 16 da 25, haka har ba iyaka, su ake kira murabba'ai, kuma kowacce ana samun ta ne idan aka ninka wata lamba da kanta. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, kullum muna jin ta a rediyo idan ana faɗin girman ƙasa da murabba'in kilomita. In kuma aka ɗauki ƙwayoyin sukarin kwali aka gina su biyu a tsawo, biyu a faɗi, biyu a tsaye, an ci ƙwaya 8. In uku-uku ne an ci 27. In huɗu-huɗu ne 64. Waɗannan su Larabawa ke kira muka'ab, kalmar da tushenta ɗaya da sunan Ka'aba saboda siffar gininta. Da muka'abi zan riƙa kiran su a wannan rubutu.

Shekaru dubu biyu da ɗoriya ke nan masana suna wasa da waɗannan lambobi, galibi ba don wata buƙata ta kasuwa ko ta gini ba, sai don sha'awa kawai. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin wannan wasa akwai wata tarbiyya ta hankali wadda makarantunmu suka yi sakaci da ita, wato sanin bambanci tsakanin abin da aka gwada aka ga ya yi, da abin da aka kafa wa hujja.

Mu koma kan tsakuwarmu. Mai karatu ya ajiye guda ɗaya. Idan yana son ya mayar da ita murabba'i mai biyu-biyu, sai ya ƙara uku: ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kusurwa. Daga nan zuwa uku-uku sai ya ƙara biyar, zuwa huɗu-huɗu ya ƙara bakwai. Ashe ke nan duk sa'ad da aka tara lambobin mara, waɗanda malamai ke kira wutiri, tun daga 1 a jere ba tsallake, murabba'i ake samu: 1 da 3 sun ba da 4, a ƙara 5 a sami 9, a ƙara 7 a sami 16. A lura da kyau, ba don mun gwada sau huɗu ya yi ba ne muka yarda. Mun yarda ne don mun ga dalili: kowane sabon zagaye yana buƙatar sahu a gefe, da sahu a ƙasa mai tsawo ɗaya da shi, da tsakuwa guda a kusurwa, kuma tilas ya ɗara zagayen da ya gabace shi da biyu. Wannan dalili yana nan daram ko da murabba'in ya kai girman Kano da kewaye. Shi ake nufi da hujja, kuma yaro ɗan aji huɗu na firamare zai iya gane ta da hannunsa.

Wani masani mai suna Nikomakus, mutumin garin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, ya lura da abin da ya fi wannan ban sha'awa. Ya kasa lambobin mara kashi-kashi: guda ɗaya a kashin farko, biyu a na biyu, uku a na uku. Kashin farko 1 ne. Na biyu, 3 da 5, ya ba da 8. Na uku, 7 da 9 da 11, ya ba da 27. Na huɗu, 13 da 15 da 17 da 19, ya ba da 64. Kowane kashi muka'abi ne, kuma a jere suke zuwa. To, yanzu a haɗa wannan da abin da tsakuwa ta koya mana. Idan aka tara muka'abai huɗu na farko, wato 1 da 8 da 27 da 64, daidai yake da an tara lambobin mara guda goma na farko, tun da kasusuwan nan huɗu sun ƙunshi guda 1 da 2 da 3 da 4, goma ke nan. Lambobin mara goma na farko kuwa mun san murabba'in goma suke bayarwa. A tara a gani: 100 cif. Ma'ana, tarin muka'abai a jere kullum murabba'i ne, kuma murabba'in tarin lambobin da suka haife su. Na shafe shekaru ina koyar da wannan, amma har yau in na rubuta shi a allo sai na ɗan dakata na dube shi.

Littafin Nikomakus ya shiga Larabci ta hannun Sabit bin Ƙurra a Bagadaza, a ƙarni na 9. Wajen shekara ta 1000 kuma, Abubakar al-Karaji, wanda shi ma ya yi aiki a Bagadaza, ya kafa hujjar wannan ƙa'ida a kan lambobi goma na farko: muka'abansu sun taru sun ba da 3,025, wato 55 sau 55. Yadda ya bi ya fi sakamakon muhimmanci. Ya nuna cewa gaskiyar magana a kan goma ta dogara ne da gaskiyarta a kan tara, ta tara a kan takwas, haka har a sauko kan ɗaya, inda babu gardama. Masu tarihin lissafi suna ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin mafarin hanyar hujja ta mataki-mataki da muke koyarwa a jami'o'i yanzu. Shi wannan al-Karaji, ga wanda zai ɗauka malamin zaure ne da bai san wahalar duniya ba, ya kuma rubuta littafi sukutum a kan yadda ake gano ruwan ƙarƙashin ƙasa da janyo shi.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da rabo a wannan gado, ko da yake ta wata ƙofa ya shigo mana. Hatimin nan mai gida tara da aka sani a wajen malaman zaure, mai 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, duk ta inda aka tara shi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 yake bayarwa. Hukuncin abin da wasu ke yi da hatimi magana ce ta malaman addini, ni lissafin da ke cikinsa nake dubawa. Yawan gidajensa murabba'i ne, wannan a fili yake. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne muka'abin da ke ɓoye cikin jimlarsa. A ɗauki muka'abin 3, wato 27, a ƙara 3, a raba biyu: 15. Hatimi mai biyar-biyar, a ɗauki 125 a ƙara 5 a raba biyu: 65. Mai tara-tara, 729 da 9 a raba biyu: 369. Tun kafin a rubuta lamba ko ɗaya a cikin gidajen, an riga an san abin da kowane sahu zai bayar. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi karatu a wannan yanki namu kafin ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 a kan hanyoyin gina hatimai masu sahun mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin nan na Masar. Hanyoyi ya rubuta, waɗanda mai bin su zai gina hatimi kowane girma, ba tarin misalan da za a haddace ba.

Labarin da ya fi yawo a duniya game da muka'abai shi ne na lamba 1729. Srinivasa Ramanujan, ɗan ƙasar Indiya, akawu ne a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras lokacin da ya aika wa G. H. Hardy na Jami'ar Kambirij wasiƙa cike da lissafi a 1913. Hardy ya yi ƙoƙari aka kawo shi Ingila, amma ƙasar ba ta karɓe shi ba, ya kwanta jinya a Putney da ke Landan. Wata rana Hardy ya je dubiya, ya ambata cewa lambar tasin da ta kawo shi 1729 ce, kuma shi bai ga wani abin sha'awa a cikinta ba. Nan take majinyacin ya musa, ya ce ai ita ce lamba mafi ƙanƙanta da za a iya samu ta hanyar haɗa muka'abai biyu ta hanyoyi biyu daban. Haka kuwa abin yake: 1,728 da 1, wato muka'aban 12 da 1, sai kuma 1,000 da 729, muka'aban 10 da 9. Wadda ke bi mata ita ce 4,104.

Yawanci akan ba da wannan labari kamar wata karama, a ce mutumin ilhami ya sauko masa a kan gadon asibiti. Ba na son wannan fassara, domin tana sa ɗalibi ya ɗauka lissafi baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, in ba ka da ita sai ka haƙura. Gaskiyar ita ce wani Bafaranshe, Frénicle de Bessy, ya riga ya buga wannan siffa ta 1729 tun 1657, kuma littattafan rubutun Ramanujan sun nuna ya daɗe yana bibiyar lambobi irinta. Yana sha'awar maganar Fermat cewa ba a taɓa haɗa muka'abai biyu su ba da muka'abi na uku, yana neman wuraren da aka kusa dacewa aka kuskure da ɗaya tak. To 729 da 1,000 sun wuce 1,728 da ɗaya kacal. Mutumin ya san lambar ne kamar yadda makiyayi ke sanin saniyarsa a cikin garke, saboda yawan zama tare. Ya rasu a 1920 yana da shekara 32.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a al'amuran yau da kullum ya yi gaskiya. Mai tallan magani a bakin tasha idan ya ce maganinsa mujarrabi ne, an jarraba an ga aikinsa, ya gama magana a wajen mafi yawan masu saurare. A lissafi kuwa gani kaɗai bai isa ba, ga kuma misali. Mai karatu ya ɗauki kowace lamba, ya ninka ta da kanta, ya ƙara ita kanta lambar, sannan ya ƙara 41. Da 1 zai sami 43, da 2 zai sami 47, da 3 zai sami 53, da 10 zai sami 151. Dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Ya ci gaba har 39, zai sami 1,601, ita ma haka. In aka haɗa da sifili, gwaji arba'in ke nan a jere ba kuskure. Wane ne cikinmu ba zai rantse cewa ƙa'ida ta tabbata ba? Sai a gwada 40, a sami 1,681, wadda ba komai ba ce illa 41 sau 41. Euler ne ya fito da wannan a 1772.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda rashin samu ke ruɗin mutum. A nemi murabba'in da idan aka ninka shi sau 60 aka ƙara ɗaya, za a sami wani murabba'in. Da ɗan lalube za a dace: 16 sau 60 a ƙara ɗaya ya ba da 961, wato 31 sau 31. In da 62 ne, 64 zai yi, a sami 3,969, wato 63 sau 63. To a gwada da 61 da ke tsakaninsu. Mutum zai gwada ɗari, ya gwada dubu, ya ba kwamfuta ta gwada miliyan ɗari biyu, babu. Amsa ta farko tana kan murabba'in 226,153,980. Da mutum zai riƙa gwada lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba barci, sai ya haura shekara bakwai kafin ya isa wurin. Amma Bhaskara na Indiya ya samo ta a ƙarni na 12, ba da lalube ba, da wata hanya mai tsari da ke kai mutum ga amsar cikin matakai kaɗan. Fermat ya sake jefa wa masanan Turai wannan ƙalubale a 1657, daga baya Lagrange ya kafa hujjar cewa kowace lamba aka sa a gurbin 61 akwai amsa, muddin ita kanta ba murabba'i ba ce.

Wannan darasi biyu, cewa dacewa sau arba'in ba ta tabbatar da magana, kuma rashin samu sau miliyan ɗari biyu bai kore ta ba, shi ne nake ganin ɗalibanmu ke zuwa jami'a babu shi. Na sha tsayawa a gaban 'yan aji ɗaya waɗanda suka ci lissafi da kyau a jarrabawar kammala sakandare, suna iya zuba ƙa'idoji kamar karatun allo. In na tambaye su me ya sa ƙa'idar ta zama gaskiya, sai a yi tsit, can wani ya ce haka take a littafi, wani kuma ya sa lambobi biyu ko uku ya nuna mini ta yi. Ba laifin yaran ba ne. An koya musu lissafi ne a matsayin jerin umarni, malamin kuma yana tseren gama manhaja da aji mai cunkoso, ba shi da sararin tsayawa wasa da tsakuwa. Illar ba a aji take tsayawa ba. Wanda bai saba tambayar dalili ba, shi ne gobe zai karɓi saƙon WhatsApp mai cewa mutum uku sun sha abu kaza sun warke, ko kuma ya zuba jarinsa a inda aka biya riba wata uku a jere, yana ganin an jarraba.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasar da yara ke zaune a ƙasa babu kujera, wa ke da lokacin wasa da lambobi? Amsata ita ce wannan ne ɓangaren ilimi mafi araha da muke da shi, ba ya neman ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki. Wanda kuma ya nace sai ya ga amfani a aljihu, ga shi. Ɗan kasuwar da ke son 48 sau 52 ba ya buƙatar waya: 50 sau 50 ne a ɗebe 2 sau 2, wato 2,496. Fermat ya juya wannan dabara ta zama hanyar farfasa babbar lamba: 8,051 ita ce 8,100 a ɗebe 49, murabba'in 90 da na 7, saboda haka 83 sau 97 ce. Wuyar farfasa manya-manyan lambobi ita ce ginshiƙin tsarin RSA da aka ƙirƙiro a 1977, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare sirrin hada-hadar kuɗi a intanet, kuma hanyoyin da masana ke bi wajen auna ƙarfin wannan makulli jikokin dabarar Fermat ne. Hardy ya yi alfahari a 1940 cewa irin lissafinsa ba shi da wani amfani a aikace. Bai kai ga ganin wannan ba.

Ko mai lemo da ke jera hajarsa dala-dala a bakin titi yana taɓa wannan fage: ɗaya a sama, huɗu a ƙarƙashinsa, sannan tara, sannan sha shida. Édouard Lucas ya tambaya a 1875, wace dala ce irin wannan za a rushe a shimfiɗa 'ya'yanta su ba da murabba'i cif? In aka bar dala mai lemo ɗaya, amsa guda ce: mai hawa 24, lemo 4,900, wato 70 sau 70. Samun amsar bai yi wuya ba. Tabbatar da cewa babu wata bayanta shi ya jira G. N. Watson har 1918.

Kada kuma a ɗauka an gama da waɗannan tambayoyi tun zamanin kakanni. Ga wata da ke buɗe har yanzu: waɗanne lambobi ne za a iya samu ta haɗa muka'abai uku, in an yarda wasu su zama na bashi, wato a ɗebe su maimakon a ƙara? Lamba 29 ita ce 27 da 1 da 1. Lamba 6 ita ce 8 a ɗebe 1 a sake ɗebe 1. Akwai waɗanda hujja ta kore su cikin sauƙi. Kowane muka'abi in aka raba shi da 9, ko dai ya rabu daidai, ko ya yi rarar ɗaya, ko ya gaza da ɗaya: 27 ya rabu, 64 ya yi rarar ɗaya, 125 ya gaza da ɗaya. In aka haɗa uku, rarar ko giɓin ba zai wuce uku ba. Saboda haka duk lambar da ke barin 4 ko 5 in an raba ta da 9, kamar 13 da 14 da 31 da 32, ba za ta taɓa samuwa ba, kuma babu buƙatar a gwada ko sau ɗaya.

Maƙwabciyarsu 33 ba ta cikin waɗanda aka kora, amma tun da aka fara sa kwamfuta neman irin waɗannan amsoshi a Kambirij a shekarun 1950, ta ƙi samuwa, sai a 2019 Andrew Booker na Jami'ar Bristol ya same ta da lambobi uku masu alƙaluma 16 kowacce. A watan Satumba na shekarar, shi da Andrew Sutherland na MIT a Amurka suka warware 42, wadda ita kaɗai ta rage a ƙasa da ɗari, da taimakon kwamfutocin gida kimanin rabin miliyan da masu su suka ba da aron lokacinsu. Ga amsar ga mai son ya gwada haƙurinsa: muka'abin 80,435,758,145,817,515 a haɗa da na 12,602,123,297,335,631, a ɗebe na 80,538,738,812,075,974, abin da zai rage 42 ne.

Tun 1992 Roger Heath-Brown ya yi hasashen cewa duk lambar da ƙa'idar tara ba ta kora ba tana da amsa, har ma amsoshi marasa iyaka. Duk abin da kwamfutoci suka tono ya goyi bayansa, amma masana ba su ɗaga maganar daga matsayin hasashe ba, don babu wanda ya kawo hujja. A ƙasa da 1,000, bayan aikin Booker da Sutherland, lambobi bakwai suka rage ba a san amsarsu ba, ƙaramarsu ita ce 114.